Tsere Huɗu Kafin Awon Talata

Ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jikin naki? Kumburin ƙafafun ya sauka kuwa? Ina gaida mijinki, Allah ya saka masa da alheri a kan wannan zirga-zirgar asibiti da yake yi da ke ba gajiya. Ki shafa mini kan 'yarki, ki ce mata kawunta bai manta da alkawarin keke ba. Mu nan lafiya lau muke, matar yayanki da yara duk suna gaishe ki.

Tun da kin ce waya tana sa miki ciwon kai idan kina kan injin wankin ƙoda, takarda kuwa kina iya riƙe ta da hannu ɗaya, to ga takarda. Direban motar safe da ke zuwa garinku a wurina yake sayen burodi, ya ce zai riƙa miƙa miki har ƙofar asibiti. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan teburin murza ƙullu nake yin sa. Idan kin ga fari-fari a jikin takardar, fulawa ce.

Ga labari. Likita ta sa mini ranar awo, Talata mai zuwa. Kin dai tuna yadda muka yi da ita wancan karon. Ta ce jininmu ya dace, ƙodata ta yi miki daidai kamar don ke aka halicce ta, amma ba za ta sa wuƙa a jikin mutum mai irin wannan tumbi da hawan jini ba. Ta faɗi nauyin da take so in sauko gare shi, ta ce idan na kai, jinin kuma ya daidaita, sai a sa ranar dashe. Idan ban kai ba, a ƙara jira. Ni kuwa na ga yadda jiran nan yake cin ki, Auta. Zuwana na ƙarshe, da kika ɗaga hannu za ki gyara ɗankwali, awarwaronki har gwiwar hannu ya gangara. Na yi kamar ban gani ba, amma da shi na dawo gida a raina.

Shi ya sa yayanki, wanda ko motar haya ba ya bi da gudu, ya shiga ƙungiyar masu gudu. Ranar farko daga ƙofar gidan burodi zuwa gidan mai na kai, na zauna a bakin kwata ina haki, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko a kira mini 'yan uwana. Mai koyar da mu wani tsohon malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, Koci muke ce masa, siriri kamar muciya, usur ba ya rabuwa da wuyansa. Da ya gan ni ya ce, “Malam, kai da kanka ka zo ko turo ka aka yi?” Na ce masa ƙanwata ce ta turo ni. Tun daga ranar bai sake yi mini dariya ba, sai dai ya hura mini usur a kunne.

Gudun ma da sauƙi a kan yunwar. Ki yi tunanin mutumin da yake fitar da burodi daga tanda tun asuba, ƙamshi yana dukan hancinsa, shi kuwa ganye yake tauna kamar akuya. Amma abin ya yi amfani. Wandunana duk an rage musu ƙugu, hawan jinin ya sauka, sunan Tulu da kika laƙaba mini tun muna yara ya kusa zama ƙarya. Matsalar ɗaya ce. Na hau sikelin da muke auna buhunan fulawa, saura kilo biyu da 'yan kai, kuma sun kafe, mako da makonni sun ƙi motsi.

To sai ga dama ta zo. A ƙarshen makon nan ana yin wata gasa, tsere huɗu a kan titi, kowanne kilomita biyar, a unguwanni huɗu: Juma'a da yamma, Asabar da safe, Asabar da yamma, sai Lahadi da safe. Duk wanda ka gama a ba ka ɓangare ɗaya na lambar yabo, idan ka haɗa huɗun su zama faifai guda. Koci ya ce in yi biyu kawai, jikina bai kai huɗu ba tukuna. Na ce masa to, na zagaya na sa sunana a duka huɗun. Ba lambar ce ta dame ni ba, kilo biyun nan nake so in zubar a kan kwalta kafin Talata.

Ki yi mini addu'a, kada kuma ki yi dariya da ƙarfi allurar ta goce. Allah ya ba ki lafiya, ya kai mu ranar da nake jira.

Yayanki mai ƙaunarki,
Tulu

*

Ranar Asabar da rana

Auta tawa,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan wankin jiya ya zo da sauƙi, kin kuma samu kin ci wani abu bayansa. A gaida maigidan da 'yar ƙaramar. Ina rubuto miki ƙafafuna suna cikin bokitin ruwan sanyi, a bayan shago, kusa da buhunan sukari.

Biyu sun tafi, saura biyu. Na jiya a titin bayan tashar jirgin ƙasa aka yi. Ashe haka mutane suke da yawa a garin nan masu neman wahala da kansu! Aka manna mana lamba a ƙirji, aka hura usur, kowa ya kwasa. Ni dai na riƙe takuna yadda Koci ya koya mini. Wata mata mai tura jariri a keken yara ta wuce ni, jaririn yana kallona har suka ɓace. A can bayana akwai motar da take kwashe waɗanda suka gaza, tana tafe a hankali, direbanta yana leƙo ni kamar ya ga fasinja. Ban ba shi wannan farin cikin ba. Na gama, aka rataya mini ɓangaren farko, wani ɗan guntun ƙarfe mai kama da yankan kankana.

Da asubar yau na sa ƙullu ya tashi, na bar wa ma'aikatana gashin, na nufi na biyu a unguwar makarantu. A nan gwiwata ta hagu ta fara magana. Tun rabin hanya nake jin kamar an cusa mini ƙusa a ƙarƙashin ƙoƙon. Na ƙarasa ina ɗingishi, na zube a gindin wata bishiya, na ce shi ke nan, Koci ya yi gaskiya.

Akwai abokin guduna, wani tela, shi ne ma ya rage mini wandunan. Mutumin kirki ne, bakinsa ba ya shiru ko yana hawan tudu. Ya zo ya same ni, ya ciro wani ɗan gwangwani daga aljihu, cike da ƙwayoyin kashe ciwo. Ya ce duk masu yin huɗun nan da shi suke gamawa, biyu kafin tsere, biyu bayansa, gwiwa ta yi shiru sai Litinin. Na tuna Likita ta taɓa ce mini bayan an cire ƙoda ɗaya, ni da irin wannan magani har abada. To ai bayan an cire ta ce. Yanzu biyu gare ni, lafiyayyu, ita da kanta ta yaba su. Na haɗiye, kuma wallahi kafin in iso shago ƙusar ta fita.

Sannan na gano wani abu da zai ba ki mamaki. Jiya da na dawo na hau sikelin fulawa, sai na ga kilo guda ya tafi. Murna ta sa na kwankwaɗi ruwa gora biyu, na sake hawa, sai ga shi ya dawo cif. Ashe ruwan nan ne yake mayar da ni baya. Saboda haka yau da na zo teburin da ake miƙa wa masu gudu ruwa a kofi, kurkure baki kawai na yi na tofar. Koci kullum faɗa yake, a sha a kowane tebur, a sha ko ba a jin ƙishi. Shi ba sikeli ne yake jiransa ranar Talata ba.

Kuma na yi wani tunani, Auta. Ke da aka ƙayyade miki ruwa, ɗan kofin nan naki mai zane a jiki shi ne rabonki na yini, kin fi shekara a haka ba ki mutu ba. Idan ke auta kin iya, ni babba zan kasa kwana uku? Duk lokacin da maƙogwarona ya bushe sai in ce haka ƙanwata take ji kullum, sai in ji ƙishin ya zama abin da muke yi tare. Ban gaya wa matar yayanki ba, kin san ta, sai ta ɗaure ni a kujera ta ɗura mini da mazurari.

Bari in tsaya nan, na yamma yana matsowa, kuma an ce akwai tudu a cikinsa. Ki huta sosai. Ina tuna ki a kowace kwana ta hanya.

Naki har kullum,
Yaya Tulu

*

Ranar Lahadi da yamma

Ƙanwata abin alfaharina,

Gaisuwa da fatan kin wuni lafiya, ke da mutanen gidan. Albishirinki! Yayanki ya gama huɗun.

Na jiya da yamma shi ne mugun. Titin ya bi ta gaban babbar kasuwa, ya haye gada, sannan ya miƙe sama kamar ba zai ƙare ba. Rana ba ta gama sanyi ba, kwalta tana huci. A tsakiyar tudun na daina zufa, abin ya ba ni mamaki, na ce wataƙila jiki ya saba ne. Tela yana gefena yana ba ni labarin wani ango da ya kawo ɗinki ana gobe ɗaurin aure, ni ko rabin labarin ban ji ba, kunnuwana sun toshe. Da muka sauko na ƙara ƙwaya biyu, da zan kwanta ma na ƙara, don sharaɓata ta ɗaure tamau.

Na yau a filin wasa na gari aka tashi, a can kuma aka ƙare. Gaskiya ban san yadda na yi shi ba. Ƙafafun suna tafiya ne kawai, ni ina binsu. Akwai inda na ga titin ya rabu biyu a idona, na tsaya na dafa sandar fitila. Motar masu gazawa ta matso, direban ya buɗe mini ƙofa. Na dube shi, na dubi kujerar, kujera mai laushi, Auta, da inuwa. Sai na tuna wadda kike kwanciya a kai. Na saki sandar na ci gaba.

Matar yayanki da yaran suna bakin layin ƙarshe, suna ta ihu kamar na zo na ɗaya, alhali masu shirya gasar har sun fara naɗe tutoci. Koci ya karɓi guntayen huɗu ya haɗa mini su da hannunsa, suka zama faifai. Ya ce na yi taurin kai, amma ya rungume ni. Sannan ya riƙe fuskata ya duba, ya ce leɓɓana sun tsage, in je in sha ruwa da gishiri da sukari yanzu-yanzu. Na ce to. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka a wurin, ƙato da ni, sai dai hawayen ma ba su fito sosai ba.

Ban wuce gida ba sai da na biya shago. Yau ba ma aiki, ba kowa, tanda a kashe. Na cire takalma na hau sikelin fulawa. Auta, na kai. Har na wuce da kaɗan. Na sauka na sake hawa don kada ya zama idona ne, allurar ta tsaya a wuri ɗaya. Na zauna a kan buhu ni kaɗai ina ta godiya ga Allah. Ki fara haɗa jakarki, ki gaya wa maigidan ya nemi hutu a wurin aiki. A watan gobe in Allah ya yarda za a kwantar da mu ɗaki biyu maƙwabta, ki ji minsharina ta bango ki gode wa Allah da ba ɗaki ɗaya ba ne.

Jikin dai ya ji a jikinsa. Bayana yana ciwo ta ƙasan haƙarƙari, abincin rana kuma bai zauna ba, na amayar. Fitsari sau ɗaya na yi tun safe, ɗan kaɗan, launinsa kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ki gafarce ni da wannan zance, amma ke da ni yanzu ai ba mu da hirar da ta wuce ta fitsari. Tela ya ce haka ake yi bayan huɗu, zuwa jibi ya washe. Matar yayanki ta kafa mini ido tana cewa fuskata ba ta yi mata ba, ta ajiye mini gora a gefen gado. Ina ɗan tsotsa don ta bar ni. Kwana biyu kacal ya rage in riƙe nauyin nan, ba zan bari gora ɗaya ta rushe mini aikin watanni ba.

Gobe da safe zan ba direba lambar yabon tare da wannan takarda. Ki ba 'yarki ta yi wasa da ita. Sai na rubuto miki da ranar dashe a hannuna.

Yayanki da ya kusa daina zama Tulu

*

Ranar Laraba

Auta,

Sallama. Ina fatan kina lafiya. Na san kun yi ta kiran wayata jiya ba a ɗauka ba, kuma na san matar yayanki ta ce miki na ɗan kwanta ne. Kada hankalinki ya tashi.

Ban samu zuwa awon ba. Ranar Litinin ina fitar da tiren farko daga tanda jiri ya ɗebe ni, na farka na ga ma'aikatana a kaina suna yi mini fifita da kwali. Yanzu ina asibiti, a hawa na biyu, gado na kusa da taga. An sa mini ƙarin ruwa a hannun dama, shi ya sa rubutun ya karkace. Abin dariya, ruwan da na yi ta gudu kwana uku, ga shi ana ɗura mini leda bayan leda.

Likitarmu ta hawo da kanta ta duba ni. Ta tambaye ni abin da na sha da wanda ban sha ba, na gaya mata duka. Ba ta yi faɗa ba. Na so a ce ta yi. Ta rubuta wani abu, ta ce a bari a ga abin da gwajin jini zai nuna a kwanakin nan, yanzu ba lokacin maganar dashe ba ne. Suna auna duk abin da na fitar a wata roba mai zane, nas tana ɗagawa tana dubawa a hasken taga.

Gajiya ce ta taru, ba wani abu ba. Kada ki ce za ki zo, kada ki tsallake wanki ko ɗaya saboda ni. Mako ɗaya ko biyu aka ɗaga, shi ke nan. Ki bar jakar a haɗe.

Hannuna ya gaji. A gaida kowa.

Yayanki

*

Ranar Alhamis, daga gida

Zuwa ga ƙanwata, 'yar uwata ta jini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai rubuto ba. Ya jiki, ya ƙarfin hali? Ina gaida mijinki da 'yarki. Takardunki uku duk sun iso, direba ya kawo har gadon asibiti, na karanta su na kasa amsawa. Na roƙi matar yayanki da mijinki kada kowa ya gaya miki komai, na ce ni zan faɗa da kaina. Sai na yi ta ɗagawa, yau zuwa gobe, har aka sallame ni. Kada ki ga laifinsu.

Auta, ba za a yi dashen ba. Ba ɗagawa aka yi ba. Ba za a karɓi ƙodata ba, yanzu ko nan gaba.

Likita ta zauna a bakin gadona ta yi mini bayani dalla-dalla. Gudu huɗu a jere ya farfasa naman jikina, dattin ya gangara wa ƙoda. Ba ruwan da zai wanke shi, don na hana. Ƙwayoyin nan kuma suka matse hanyar jinin da ke shiga cikinsu. Ta ce ko ɗaya daga cikin ukun da jikina ya iya ɗauka, amma na haɗa musu duka a kwana uku. Ƙodojin sun tsaya cak. Yanzu sun farfaɗo, amma ba duka ba, kuma gwajin ƙarshe ya nuna inda suka tsaya ke nan. Ta ce, “Su biyun tare za su riƙe ka idan ka kiyaye. Guda ɗaya ba za ta riƙe ka ba, ba kuma za ta riƙe ta ba.”

Na roƙe ta, Auta. Na ce ta ɗauki mai dama-damar ta ba ki, ni in hau injin, ai na fi ki ƙarfi. Na ce zan sa hannu a duk takardar da take so. Ta ce ba ta yin marasa lafiya biyu daga ɗaya. Na ce to bayan shekara fa, idan na kiyaye, idan na sha ruwa kamar raƙumi? Ta ce ba za ta ba ni abin da zan riƙe alhali ta san ba zai riƙe ni ba. Ta ce nauyin da na nuna wa sikeli ranar Lahadi ma ba kitse ne ya tafi ba, ruwa ne. Da na zo mata da kilo biyun nan a jikina, da ta ƙara mini wata ɗaya kawai. Wata ɗaya, Auta.

Tela ya zo sau biyu. Na farko ya kasa shigowa, a baranda ya tsaya. Na biyu ya shigo ya durƙusa a gaban gado yana kuka, mutumin da kullum bakinsa yake cike da labari. Na ce masa ya tashi, shi gwiwata ya gani, bai san abin da nake ajiye wa wani a cikina ba, don ban taɓa gaya masa dalilin guduna ba. Koci kuwa ya zauna a kujera har lokacin ziyara ya ƙare, bai ce ai na gaya maka ba. Matar yayanki ta je da kanta an gwada jininta, ba ta ko shawarce ni ba. Bai dace da naki ba. Ta dawo ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada in ji kukanta. Likita ta ce sunanki yana nan a layin masu jira, ba a taɓa cire shi ba. Kin fi ni sanin tsawon layin.

Ba na neman ki ce ba komai. Na san halinki, za ki rubuto ki ce haka Allah ya ƙaddara, ki koma ke ce mai lallashina. Na yarda da ƙaddara. Amma abin nan ba nawa ba ne, tun ranar da aka ce ya dace da ke ya zama naki, ajiya aka ba ni. Na ɗauki ajiyarki na yi tsere da ita a kan titi. Baƙin cikin da nake ciki ban taɓa sanin akwai irinsa ba, ko rasuwar Baba ba ta yi mini haka ba.

Saura abu ɗaya da ban gaya miki ba. A makon farko, da ƙodojin suka ƙi motsi, sai da aka ɗora ni a kan injin. Sau biyu. Aka tura ni a keken marasa lafiya zuwa wani dogon ɗaki a ƙasa, kujeru a jere, kowa da injinsa yana ƙara a gefensa, ba mai yi wa wani magana. Na ga jinina yana fita ta roba yana zagayawa yana dawowa.

Ashe haka sanyin yake? Bargo biyu aka lulluɓa mini haƙorana suna haɗuwa. Ashe ƙafa tana ɗaurewa har mutum ya ciji leɓe, ga shi ba damar ya tashi ya taka? Ashe idan an gama, kai yana sarawa, duniya tana juyawa, ko ɗaga kofi sai ka yi shawara da hannunka? Na kalli agogon bangon nan har na tsane shi. Wata dattijuwa a kujerar kusa da ni ta ga ina rawar ɗari, ta miƙo mini safar hannunta guda ɗaya, ta ce sabon zuwa ne, zan saba. Na tambaye ta tun yaushe take zuwa. Ta ce ta daina ƙirgawa.

Shekara da watanni kina hawa wannan kujera sau uku a mako, ki sauko ki kira ni kina tsokanata a kan tumbi. Ko sau ɗaya ba ki ce mini akwai sanyi ba. Ni kuma ina nan ina rubuto miki cewa ƙishina na kwana uku irin naki ne.

Ni sau biyu na hau, aka cire mini robar, aka ce in tafi gida. Ke gobe da safe za ki koma, kuma ni ne na mayar da ke.

Ki sa a kai miki bargo mai kauri. Zan zo ranar Litinin a motar safe, idan kin yarda in shigo in zauna kusa da ke. Idan ba ki son ganina tukuna, ki gaya wa mijinki, zan tsaya a waje har a gama.

Allah ya ba ki lafiya ta inda ba mu zata ba.

Yayanki,
wanda ya kasa